Karatun Ɗiya Mata: Koyo da Hannu da Tsarin Bita a Gida

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ɗiyanmu mata waɗanda ke cikin shekarun makaranta, ko suna makarantar allo, ko Islamiyya, ko makarantar boko wadda muke ce ma lakwal. Ga abin da ya jawo shi.

Kwanan baya, bayan an idar da sallar Magariba, wani bawan Allah ya tare ni a ƙofar masallaci da kukan ɗiyarsa. Shekarunta 10, tana aji na huɗu a lakwal, kuma a faɗarsa kanta ba ya ɗaukar karatu, musamman lissafi. Har ya fara shawarar ya cire ta, tunda tallar gyaɗar da take yi ma uwarta da marece ta fi amfani. Na ce masa: "Malam, ta taɓa dawowa daga talla da kuɗi bai cika ba?" Ya ce ko sau ɗaya. Na ce: "Idan mutum ya sayi gyaɗar dala talatin da biyar, ya miƙa mata dala ɗari, nawa take mayar masa?" Ya yi murmushi ya ce: "Dala sittin da biyar, kafin ka rufe baki." Na ce masa: "To, Malam, wannan shi ne a ɗebe tamma 175 daga cikin 500 a sami 325. Irinsa ne aka rubuta mata a kaye ta kasa."

Wannan yarinya ba daƙiƙiya ba ce. Lissafin talla ya zauna mata ne saboda hannunta ya riƙe kuɗin, tana maimaita shi kullum, kuma mai saye ba ya barin ta ta duba takarda kafin ta ba shi canji. Lissafin kaye kuwa ta kunne kaɗai ya shige ta, cikin harshen da ba ta gama ji ba, sannan ta dawo gida ba ta sami lokacin komawa kansa ba. Ilimi yana zama a zuciyar yaro idan ya aikata shi da hannunsa, ya fito da shi da kansa ba tare da dubawa ba, kuma ya riƙa komawa kansa kwana bayan kwana. Yawancin wannan aiki a gida ake yin sa, kuma a gidan ne ɗiya mace ta fi ɗan'uwanta namiji rashin lokaci.

Matsalar ba ta gida ɗaya ba ce. Gwajin da ake kira PASEC, wanda ake auna ƴan makarantun ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da shi, ya nuna a shekarar 2014 cewa a Nijar, cikin yara goma na ajin ƙarshe na firamare, wanda ya kai matakin da ake buƙata a karatu bai cika ɗaya ba. A gwajin 2019 sun kai wajen uku cikin goma. An samu ci gaba, amma sauran bakwai ɗin ƴaƴanmu ne.

1. Yadda magabata suka koyar

Koyarwa a aikace ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga waje. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da lokutan salla. Bai ba shi amsa da baki ba nan take, sai ya umarce shi ya yi salla tare da su kwana biyu. Ranar farko aka yi kowace salla a farkon lokacinta, rana ta biyu aka jinkirta ta zuwa ƙarshensa, sannan aka sanar da shi cewa lokaci yana tsakanin abin da ya gani. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya taɓa yin salla a kan mumbari domin mutane su gan shi su koyi yadda yake yi. Abdullahi ɗan Mas'udu ya ba da labarin yadda ya zana layi miƙaƙƙe, ya zana wasu layuka a damarsa da hagunsa, domin ya nuna ma sahabbai tafarkin gaskiya da hanyoyin ɓata. Sayyidina Usmanu kuma, da ya so ya koyar da alwala, ruwa ya sa aka kawo masa, ya yi ta a gaban mutane.

Mata ba a bar su a baya ba. Sun roƙi Annabi ya keɓe masu rana tasu ta karatu, ya keɓe masu. Shifa'u ɗiyar Abdullahi ta koya ma Nana Hafsatu, Uwar Muminai, rubutu, kuma rubutu aikin hannu ne.

A ƙasarmu ma akwai abin koyi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, kusa da Galmi ta jihar Tawa, ya zargi malaman zamaninsa a cikin littafinsa Nurul Albabi saboda suna karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta tsara mata masu zuwa ɗaukar karatu daga ƙauyuka, waɗanda ake kira Ƴan Taru, kowace ƙungiya da shugabarta, watau jaji, wadda ake naɗa ma malfa da jan rawani. Karatun cikin waƙe yake domin ya yi sauƙin riƙewa. Jaji ta haddace, ta fahimta, ta koma garinsu ta koyar. Wanda ya san zai koyar da abu kuwa ba ya sauraren sa da kunne ɗaya.

2. Hikimar da ke cikin allo

Duk wanda ya zauna makarantar allo ya san yadda abin yake. Yarinya tana riƙe da allonta, tana bin baƙi da yatsa, tana ɗaga murya, idonta na gani, kunnenta na jin abin da bakinta ke faɗi. Daga babbaƙu ta wuce farfaru, daga nan ta fara haɗa baƙi. Idan ta girma kaɗan, ita za ta fiƙe alƙalaminta, ta dama tawada, ta rubuta da hannunta, malam ya duba ya gyara. Ba ta wanke allo sai ta kai karatun gaban malam ta biya shi ba tuntuɓe. Bayan an wanke kuma ba a yi sallama da shi ba, domin akwai tilawa, inda ake komawa kan surorin baya.

Ku lura da abin da wannan tsari ya ƙunsa. Rabon karatu kaɗan ne, daidai faɗin allo. Hannu yana aiki a cikinsa. Akwai ranar da za a ɗauke rubutun daga gaban ido, a ga ko ya shiga zuciya. Sannan akwai bitar abin da ya wuce. Da wannan tsari ne ƙasashenmu suka fitar da alarammomi da gwanaye masu rubuta Alƙur'ani gaba ɗaya da ka.

Gaskiya kuwa ita ce tsarin yana da inda ya gaza. Yaro yakan daɗe yana karanta abin da ba a fassara masa ba, kuma bulala ta yi yawa a wasu makarantun. Ibnu Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya yi gargaɗi cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa karsashi, tana koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa don tsoron duka. Ya kuma ba da shawarar a bi fanni sau uku: a taƙaice da farko, sannan da faɗaɗawa, sannan a warware masu wuya. Sai mu riƙe hikimar allo, mu ƙara mata fahimta, mu ajiye bulala.

3. Abin da masu bincike na zamani suka gano

A 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi ma kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage masa bayan sa'a guda, bayan kwana ɗaya, har bayan wata. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da kwanan farko, daga nan sai ta rage gudu. Ya kuma tarar cewa maimaici 38 da aka raba a kan kwana uku ya yi aikin da maimaici 68 ya yi a zama ɗaya. Ke nan darasin da aka yi da safe, idan ba a koma kansa a ranar ba, da yawansa ya zube kafin gari ya waye.

A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗaliban jami'a ɗan rubutu su koya. Kashi ɗaya suka yi ta karanta shi har zama huɗu. Ɗaya kashin suka karanta a zama ɗaya, sannan a sauran zama ukun aka karɓe takardar, suka riƙa rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu yawan karantawa suka fi. Da aka gwada bayan mako guda, masu yawan karantawa sun tuna kashi 40 cikin 100, waɗanda aka karɓe ma takarda kuwa sun tuna kashi 61. Wannan shi ne sirrin wanke allo. Yawan kallon takarda yana sa yarinya ta zaci ta iya, amma ƙoƙarin fito da karatun daga ka shi ne ke kafa shi.

Ta ɓangaren aikin hannu kuma, wata likita ƴar ƙasar Italiya, Mariya Montessori, ta buɗe makaranta a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Ta yanka haruffa da takarda mai kaushi domin yara su riƙa shafa su da yatsa, ta ba su duwatsun wuya su ƙirga da su. Yaran suka fara rubutu tun suna ƴan shekara huɗu da biyar, har makarantu a ƙasashe da yawa suka ɗauki hanyarta. Yatsan da ke shafa harafin nan ba shi da bambanci da yatsan da ke bin baƙi a kan allo.

4. Kayan koyarwar da ke cikin gidajenmu

Ba sai an sayi kome ba. Ga wasu misalai da uba ko uwa ko yaya za su iya yi da yarinya a tsakar gida.

Kuɗi. Dala ɗaya tamma 5 ce, dala ashirin tamma 100, jikka tamma 1000. Yarinyar da ta san farashi da dala ta riga ta san ninkawa da biyar, ba a dai faɗa mata ba. A zuba mata sulalla a tabarma, a ce ta faɗi adadinsu da dala, sannan ta rubuta shi da lambar da ke jikin kuɗin.

Awo. Tiya ɗaya ta gero takan kai wajen kilo 2 da rabi, don haka buhu mai kilo 100 yakan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka. A tambaye ta: idan gidanmu na cin tiya 2 a rana, kwana nawa buhu zai kai mu? Ta auna da hannunta, ta yi lissafi, ta rubuta. Haka turmin atamfa mai yadi 6 da ake fitar da zane 3 a cikinsa: zane ɗaya shi ne sulusi.

Rabo. A tara ƙwallon dabino ko ƴaƴan tsamiya guda 24. Rabinsu 12 ne, sulusinsu 8, rubu'insu 6, sudusinsu 4, sumuninsu 3, sulusi biyu kuma 16. Ta riƙa kasa su kashi-kashi har ta gani da idonta cewa sumuni bai kai sudusi ba, ko da yake takwas ta fi shida. Waɗannan su ne kaso shida da ilimin gado ya ginu a kansu. Yarinyar da ta iya su ta sami lissafin lakwal, kuma ranar da za a raba gado a gabanta za ta gane abin da ake faɗi.

Inuwa. A kafa sanda a tsakar gida ranar da ba makaranta, ta riƙa ajiye tsakuwa a bakin inuwar bayan kowace sa'a. Za ta ga inuwar na raguwa har ta tsaya, sannan ta fara ƙaruwa ta gabas. Nan ne zawali, farkon Azahar. Idan ƙarin da inuwar ta yi a kan ta zawali ya kai tsawon sandar, La'asar ta shiga. Ta koyi fiƙihu, ta koyi tafiyar rana, ta koyi awon tsawo.

Ruwa da tsiro. A tambaye ta me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Ta taɓa jikin randa ta ji damshi. Ruwan da ya naso waje iska ke busar da shi, kuma yayin da yake bushewa yana tafiya da zafin randar, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a haske, ɗaya a kife masa ƙwarya, ta riƙa zana abin da ta gani kowace safiya. Ta koyi haɗa ruwan gishiri da sukari na mai zawo: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙananan cokula 6 na sukari shafaffu ba tozo, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Taswira. Ta zana ƙasar Nijar a kan rairayi, ta sa tsakuwa a wurin kowace jiha daga cikin takwas: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai. Ta ja babbar hanya da kara daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure har Difa. Ta share, ta sake zanawa da ka.

Sharaɗi ɗaya ne a cikin duka waɗannan: kowane aiki a ƙare shi da magana da rubutu. Idan ta gama kasa ƙwallon dabino, ta faɗi abin da ta yi, ta rubuta shi da lambobi. In ba haka ba, an yi wasa ne kawai, kuma ranar jarrabawa alƙalami za a ba ta.

5. Kuskure biyu da ya kamata mu guje ma

Na farko shi ne yi ma yarinya tambari. An daɗe ana yaɗa cewa kowane yaro yana da ƙofa ɗaya da ilimi ke shigar sa, wannan ta ido, wancan ta kunne, wani ta hannu, kuma wai sai an bi ta ƙofarsa kaɗai. A 2008 wasu masana huɗu a Amurka, cikinsu har da Harold Pashler, suka bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan magana, ba su sami hujjar da ta tabbatar da ita ba. Yara suna da abin da suka fi so, wannan gaskiya ne. Amma darasi shi ne ke zaɓen hanyarsa: tajwidi ta kunne da baki ake ɗaukar sa, taswira ta ido, ɗinki ta hannu, kuma kowace yarinya tana ƙaruwa idan aka haɗa mata hanyoyin. Saboda haka kada uba ya ce: "Wannan ta aikin hannu ce, ba ta takarda ba." Da irin wannan magana aka rufe ma ɗiya da yawa ƙofar karatu.

Na biyu ya fi na farko haɗari. Kada wani ya karanta wannan darasi ya ce ashe daka da ɗebo ruwa da talla karatu ne, sai a ƙara mata. Aikin gida yana zama darasi ne idan babba ya tsaya ya tambaya, ya sa an ƙirga, an rubuta. Tiya ta farko da ta auna ilimi ce, amma wunin da ta yi a bakin turmi gajiya ce. Kowa ya dubi gidansa da adalci. Yara biyu sun taso daga makaranta tare, namiji ya ajiye jakarsa ya fita ƙwallo ko ya ɗauki kayensa, mace ta ɗauki tulu, ta goyi ƙane, ta hura wuta, ta fita talla har bayan Isha'i. Ƙarshen shekara sai a ce namiji ya fi ƙwaƙwalwa. Ba a auna su da mudu ɗaya ba. An san talauci ne ke fitar da yawancin yara talla, kuma ba a raina wahalar uwaye. Amma talla ta dare, bayan cinye lokacin karatu, tana jefa yarinya cikin haɗarin da kowa ya sani.

6. Tsarin bita na kullum

Shaihu Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukanmu, ya rayu wajen shekara 800 da suka wuce. Ya shawarci ɗalibi ya maimaita darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, na gabaninsa sau uku, haka har zuwa ɗaya. Ya yabi lokacin asuba da tsakanin Magariba da Isha'i, ya kwaɗaitar da rubuta abin da aka fahimta da tattauna shi da abokan karatu. A kan wannan muka gina shawarwarin da ke tafe.

Na ɗaya, lokaci tsayayye. A yanke mata sa'a guda a rana wadda kowa a gidan ya san ta karatu ce, ba a aiken ta, ba a miƙa mata goyo. Ana iya raba ta biyu, kaɗan bayan sallar Asuba, saura da marece ko da dare. Ƙaramar yarinya minti 15 zuwa 20 sun ishe ta a zama ɗaya, babba ta yi rabin sa'a ta ɗan huta.

Na biyu, darasin yau a taɓa shi yau. Kafin ta buɗe kaye, ta faɗi abin da aka koya masu. Uwar da ba ta yi lakwal ba tana iya wannan aiki, domin cewa kawai za ta yi: "Ɗiyata, me mushenku ya koya maku yau? Faɗa mani da Hausa." Idan ta iya mayar da shi Hausa, ta fahimta. Idan Faransancin kaɗai take iya rerawa, hadda ce ba fahimta. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harsunan gida a ƙasarmu, aka fara da Hausa a Damagaram, saboda an lura yaro ya fi kama abu da harshen da yake tunani da shi.

Na uku, karanta, rufe, rubuta, duba. Ta karanta ɗan yanki, ta rufe littafin, ta rubuta abin da ta tuna a ƙaramin allo ko a ƙasa, sannan ta buɗe ta gyara kuskurenta da hannunta. Kuskure a nan ba abin faɗa ba ne, shi ake nema domin a san inda za a ƙara ƙoƙari.

Na huɗu, sabo da tsoho. Kowane zama a fara da na yau, a koma na jiya da na shekaranjiya. Rana ɗaya a mako a keɓe ta don bitar makon gaba ɗaya. Kwanan zaune a daren jarrabawa ba ya maye gurbin wannan. Masu iya magana sun ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Na biyar, ta koyar. A ba ta ƙanwarta ko ɗiyar maƙwabta ta biya mata. Ƴan mata uku ko huɗu na unguwa ɗaya su riƙa haɗuwa a gida ɗaya a gaban wata babba, suna yi ma juna tambayoyi.

Na shida, jiki. Likitoci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, matashi kuma sa'a 8 zuwa 10, kuma cikin barci ne abin da aka koya ke daɗa zama. Kada ta fita da safe ciki wayam, ko koko ne ta sha. A sama mata fitila mai haske, kuma wayar salula ta yi nesa da tabarmar karatu. Idan tana runtse ido ko tana manna fuska a takarda, a kai ta a duba idonta kafin a ce ba ta da ƙoƙari.

Na bakwai, kwanakin al'ada. Ƴan mata da yawa sukan daina zuwa makaranta a waɗannan kwanaki saboda kunya ko rashin abin tsabtace jiki, wasu kuma sun zaci an hana su kowane irin karatu. Salla da azumi ne aka ɗauke mata. A mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta hana karanta Alƙur'ani da ka, kuma an yi sauƙi ga malama da ɗaliba su taɓa allo domin koyo da koyarwa ko da suna cikinta, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu. Uwa ta sanar da ɗiyarta wannan tun kafin lokacin ya zo, uba kuma ya ba da kuɗin abin da ake buƙata ba sai an roƙe shi ba.

7. Nauyin da ke kan kowa

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da ke cikin karatu. Doka tana iya tsare mata kujerarta a aji, amma sa'ar nan ta bita mai gida ne kaɗai zai iya bayar da ita. Ya kai uba, kai ne za ka faɗa a gaban iyalinka cewa daga kaza zuwa kaza ba a aiken Ladi ko Hadiza. Kai ne za ka raba aikin gida tsakanin maza da mata, domin ɗebo ruwa da share tsakar gida ba su rage ma ɗa namiji daraja, kuma Uwar Muminai A'ishatu ta shaida cewa Annabi yakan yi hidimar iyalinsa a cikin gida. Ka riƙa karɓar kayenta kana dubawa ko ba ka iya karantawa ba, domin ta san akwai mai tambaya.

Ya ku malamai na allo da na Islamiyya, idan kuka zo babin alwala ko taimama a Ahalari ko Ishmawi, a kawo buta da ƙasa mai tsarki, kowace ɗaliba ta yi a gani. Ku bar masu kunya su yi tambaya, ko a rubuce ne. Jama'ar masallaci kuma, unguwar da ta iya tara kuɗin tabarmi da lasifika tana iya tara na fitila mai aiki da hasken rana, ta samu wata malama ko dattijuwa amintacciya da ƴan mata za su riƙa bita a gidanta.

Wancan bawan Allah da na fara da labarinsa, abu ɗaya na roƙe shi: ya ba ɗiyarsa sa'a guda kullum, da ƙwallon dabino 24, da kunnen da zai saurare ta, har ƙarshen shekarar karatu, kafin ya yanke mata hukunci. Shi ne roƙona ga duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa. Wanda ya karanta kuma ya karanta ma iyalinsa a gida, domin uwaye mata su ne rabin wannan aiki.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu maza da mata, Ya buɗe masu ƙirazansu, Ya ba su ilimi mai amfani da aiki da shi, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararSa.